Taya da janti ga tsohuwar motar gudu: yadda ake zaɓe don hanyoyin Yamai

Duk wanda Allah ya haɗa shi da tsohuwar motar gudu, ko ta gado ko ta saye, da zarar injin ya tashi abin da zai fara ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ƙafa. Ko Mercedes SL ce ta shekarun 1970, ko Peugeot 504 mai ƙofa biyu, ko Datsun 240Z, ko Golf GTI ta farko, labarin ɗaya ne: tayoyin da ke jikinta sun bushe sun tsattsage, an zaga Katako da shagunan bakin gudro ba a samu lambarsu ba. Daga nan sai masu shawara su yi yawa. Yaron shago zai dubi motar ya ce, "Alhaji, a cire ƙananan nan a sa mata 17, wallahi sai ta fito." A hoto kam za ta fito. Amma ranar da ta faɗa ramin farko bayan ruwan Agusta, janti ne zai lotse, kuma ba yaron ne zai biya ba.

Motocin nan a kan taya siririya mai dogon gefe aka zana su. Porsche 911 ta farko, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da taya mai faɗin milimita 165 ta fito, faɗin da yau ƙaramar motar kai yara makaranta ma ta fi shi. Datsun 240Z, samfurin da ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, janti inci 14 kamfanin ya sa mata. Sifirin da shokazoba da boris da sitiyarin da a yawancinsu hannu kaɗai ke juya shi, duk an lissafa su ne da robar da ke lanƙwasa tana shanye duka. Saboda haka ƙa'idata guda biyu ce, kuma duk abin da zai biyo baya a kansu yake: kada tsayin ƙafar gaba ɗaya ya canza, kuma kada a rage robar da ke tsakanin janti da ƙasa sai in dole ta sa.

Da farko, gano abin da kamfani ya sa mata

Kada ka yarda da tayar da ka tarar a jikin motar. Mota mai shekara arba'in ta bi ta hannu da yawa, kowa ya sa abin da ya samu. Inda za ka duba shi ne littafin motar in yana nan, da ƴar takardar da ake liƙawa a bakin ƙofar direba ko a bayan murfin tankin mai. In duk sun ɓace, buɗe but ka ciro tayar ko-ta-kwana. Sau da yawa ita kaɗai ce ta rage daga cikin na asali, don ba wanda ke ɓata kuɗi wajen canza ta. Goge bayan jantinta da burushin waya, za ka ga rubutu a tsage a jikin ƙarfen, kamar 6½Jx14 H2 ET30, inda 6½ faɗin jantin ne da inci, 14 kuma girmansa. Rubuta shi a takarda, zai yi maka aiki a duk matakan da ke gaba.

Lambar taya kuwa, a ce 205/70 R14, ga yadda ake karanta ta. 205 faɗinta ne da milimita. 70 ba milimita ba ne, kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 70 cikin ɗari ne na faɗinta. R na nufin zaren cikinta radiyal ne, irin wanda Michelin ya yi wa rajista a 1946. 14 girman jantin ne da inci. A nan mutane ke yawan ruɗewa, su ɗauka duk taya mai 70 tsayinta ɗaya. Ina! Gefen 185/70 milimita 130 ne, na 205/70 kuwa ya kusa 144.

Tsofaffin takardu sukan rubuta 165 SR15 ko 175 HR14, ba lambar tsakiya. In ka ga haka, ɗauki gefen a matsayin kashi 80, don haka 175 HR14 ita ce yau ake rubutawa 175/80 R14. Harafin S ko H da ke gaban R na gudu ne, za mu zo kansa. In motar ta fi haka tsufa za ka ga 5.60-15 ko 6.40-15, wato tayar zamanin da radiyal bai yaɗu ba, faɗinta da inci. An saba maye 5.60-15 da 155 R15, su kuma masu Jaguar E-Type da 185 R15 suka maye 6.40-15.

Akwai tarko ɗaya da ya shafi masu Peugeot da BMW musamman. A 1975 Michelin ya fito da wani tsari da ya kira TRX, wanda jantinsa da milimita ake auna shi. In ka ga lamba irin 190/65 HR390, to jantin nan milimita 390 ne, alhali inci 15 milimita 381 ne. Da ido ba ka raba su. Mai faci mai ƙarfin hali zai iya tura tayar 15 da ƙarfe da ruwan sabulu har ta hau, ya tsinke wayar bakinta bai sani ba. Jantin TRX tayar TRX kaɗai yake ɗauka. Ko ka yi odar ta daga Turai, don Michelin na ci gaba da yin ta saboda tsofaffin motoci, ko ka canza jantin duka.

Na biyu, lissafin tsayin ƙafa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma wayar hannunka ta isa. Ninka faɗi da kason gefe, ka ninka da biyu don gefen sama da na ƙasa, sannan ka tara da incin janti da ka ninka da 25.4.

Mu ɗauki Mercedes SL samfurin R107, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1989. Yawancinsu da 205/70 R14 suka fito. 205 sau 0.70 ya ba da 143.5, sau biyu 287. Inci 14 milimita 355.6 ne. Jimla 642.6, a ce 643. Wannan lambar ce mizaninka. Duk tayar da za ka sa, kada ta yi sama ko ƙasa da ita da fiye da kashi 3 cikin ɗari, wato a nan daga 624 zuwa 662.

Yanzu auna abin da kasuwa za ta miƙo maka. 195/70 R14 tana ba da 629, ta shiga, ko da yake ta ɗan gajarta. 205/65 R15 tana ba da 648, kuma ita ce Mercedes da kansa ya koma wa a shekarun ƙarshe na motar, ga shi tsofaffin Toyota Camry ma da ita suke yawo, don haka ba ta wuyar samu. 205/70 R15 irin ta Honda CR-V ta farko tana kai 668, ta fi mizani da kusan kashi 4, ta wuce iyaka. Ita kuma 17 ɗin da yaron shago ke yabo, 225/45 R17, tsayinta 634 ne, lissafi bai hana ta ba. Amma dubi gefenta: milimita 101 a maimakon 144. Ka zubar da sama da santimita huɗu na robar da ke kare janti da boris da ƙashin bayanka. A titin Jamus ana iya yafe wannan. A layukan jan ƙasa na Talaje ko Harobanda, inda damina ke yanka hanya kowace shekara, ba a yafewa.

Dalilin iyakar kashi 3 ba kwalliya ba ce. Agogon gudu na tsohuwar mota juyin ƙafa yake ƙirgawa ta waya daga giya. In ƙafar ta ƙaru da kashi 4, agogo na nuna 100 kana kan 104, kilomitar da yake tarawa ma ƙarya ce. Doguwar ƙafa tana sa mota nauyin tashi, gajeriya tana sa inji kuka a doguwar hanya, ya ƙara shan mai. Sannan rabin duk abin da ka rage daga tsayin ƙafa, daga tsakanin cikin motar da ƙasa ka rage shi. Da yawan tudun rage gudu da ke titunan Yamai, in zaɓi biyu suka zo maka, ɗaya ƙasa da mizani kaɗan ɗaya sama da shi kaɗan, ɗauki na saman.

Mai 504 mai ƙofa biyu ya yi sa'a a nan. 175/80 R14 tana ba da 636, TRX ɗin 190/65 HR390 tana ba da 637, ita kuma 195/65 R15, wadda kusan ba shagon da ba ta, tana ba da 635. Samun jantin 15 mai ramukan da suka dace ne kawai aikin. Mazda MX-5 ta 1989 ma haka: 185/60 R14 ɗinta 578 ce, 195/50 R15 kuma 576. Sai dai ita gefenta tun asali gajere ne, ni da zan ba da shawara a bar ta a 14.

Ƙarin inci ɗaya shi ne iyakata, kuma dalilinsa samun taya ne, ba ado ba.

Na uku, ramukan kusoshi da ramin tsakiya

Janti ba ya hawa mota don yawan ramukansa ya yi daidai. Akwai faɗin da'irar da ramukan ke zaune a kai. 4x100 na nufin rami huɗu a da'ira mai faɗin milimita 100. Golf ta farko da MX-5 da BMW E30 suna 4x100. Peugeot 205 GTI da Alfa Romeo Spider suna 4x108. Datsun 240Z da MGB da Triumph TR6 suna 4x114.3. Peugeot 504 da 505 suna 4x140, abin da ya sa mai 504 a jikin 505 yake neman jantin 15. Mercedes 5x112, Porsche 911 kuma 5x130.

In rami huɗu ne, auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. In biyar ne ba mai fuskantar wani, sai ka auna tsakanin maƙwabta biyu ka ninka da 1.701. Milimita 65.8 ya ba ka 112, 67.2 ya ba ka 114.3. Ka ga bambancin bai kai milimita ɗaya da rabi ba a awon hannu, shi ya sa rula ta ƙarfe ake so, ba tef ɗin tela ba. Haɗarin yana nan: jantin Toyota mai 5x114.3 zai yi kamar ya hau Mercedes, na Fiat mai 4x98 zai yi kamar ya hau Golf. Kusoshin za su shiga a karkace, a ɗaure su da ƙarfin tsiya, su riƙa lanƙwasa da kowane juyi har ranar da za su karye. Wanda ya ce maka a kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya faɗaɗa ramukan, gode masa ka wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ramin tsakiya shi ke zaunar da janti daidai a kan mazauninsa. Na Mercedes 66.6 ne, na Golf da E30 57.1, na MX-5 54.1, na 205 kuma 65.1. In na jantin ya fi na motar ƙanƙanta ba zai hau ba. In ya fi girma zai hau, amma sai an sa zoben da ke cike gibin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa daga wajen 90 zuwa sama, a yi ta maimaita ekilibraj a banza.

Kan kusa ma iri-iri ne: mai tsini kamar mazurari, mai zagaye, da mai faifai. Jantin Mercedes na asali mai zagaye yake so, yawancin jantin kasuwa mai tsini. In aka haɗa su ba daidai ba, a ɗan siririn layi kawai za su taɓa juna, ɗaurin ya riƙa saki. Tsawo kuma, kusar M12 ta yi aƙalla zagaye bakwai kafin ta tsaya. Masu Mercedes su riƙe wannan: kusoshin jantin alminiyom sun fi na jantin ƙarfe tsawo. In tayar ko-ta-kwana ta ƙarfe ce ka ɗaura ta a baya da dogayen, za su zarce su daki kayan birkin hannu da ke cikin faifan. Ajiye gajeru guda biyar a but.

Na huɗu, ET, inda yawancin kuɗi ke salwanta

Janti na iya cika duk sharuɗɗan sama amma ya zauna a wurin da bai dace ba, ya nutse ciki ko ya leƙo waje. ET ita ce tazara da milimita tsakanin fuskar da ke manne da mota da tsakiyar faɗin jantin. In lambar ta yi girma, ƙafar na shigewa ciki. In ta yi ƙanƙanta, tana fitowa waje.

Ga misalin da ke cin mutane. Mercedes W124 ta cika gari, jantinta na 15 yana da arha, ramukansa 5x112, ramin tsakiyarsa 66.6, komai daidai da SL. Amma ET ɗinsa ta haura 40, wasu har 49, alhali SL 30 take so a kan 14, ko 25 a kan 15. A kan 49 ƙafar ta shige ciki da kusan santimita biyu, ta je tana gogar kalifar birki ko ƙarfen ƙafa. Wanda ya dace shi ne 7Jx15 ET25, irin na Mercedes W126 ta ƙarshe-ƙarshe.

Lissafinsa ba wuya. Daga 6½ ET30 zuwa 7 ET25, faɗi ya ƙaru da rabin inci, wato 12.7, rabi ciki rabi waje, kusan 6 kowane gefe. ET ta ragu da 5, duk jantin ya matso waje da 5. Bakin waje ya fito da 11, bakin ciki ya shiga da 1 kacal. Da wannan za ka san inda za ka leƙa tun kafin ka biya.

In rubutun ya goge, auna da kanka. Kifa jantin a kan siminti mai laushi, fuskarsa a ƙasa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakinsa na baya, ka auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ke manne da mota. Sannan auna faɗinsa duka daga baki zuwa baki, ka raba biyu, ka cire daga awon farko. In faɗin 190 ne, zurfin 125, to 125 a cire 95, ET30 ke nan. Lura cewa faɗin da ake rubutawa, 6½ ɗin nan, tsakanin inda taya ke zama ne ta ciki. Daga baki zuwa baki yakan fi shi da kusan inci ɗaya, kada mai sayarwa ya auna waje ya ce maka bakwai da rabi ne.

Wasu na son ƙafa ta leƙo waje don motar ta yi kama da mai faɗi. Abin da ba su gani shi ne nauyin ya bar tsakiyar boris ya koma gefe, boris ya riƙa mutuwa da wuri, kuma duk ramin da ƙafa ɗaya ta taka sai sitiyari ya fizge hannu. Ga tsakuwar jan ƙasa da tayar za ta riƙa watsa wa fentin ƙofa. Tsaya cikin milimita 5 na asali, in ya yi yawa 10. Farantin ƙarin tazara da ake sakawa bayan janti, in ba mai leɓen tsakiya ba ne da dogayen kusoshinsa, bar shi a shago.

Na biyar, faɗi

Kowane faɗin taya yana da jantin da ya dace da shi. 165 tana zama a kan inci 4½ zuwa 5½, 185/70 a kan 5 zuwa 6, 195/65 a kan 5½ zuwa 7, 205 a kan 6 zuwa 7. Faffaɗar taya a siririn janti tana kumbura, motar ta riƙa lilo a kwana. Siririya a faffaɗan janti tana bar bakin ƙarfen a fili. Ƙarin milimita 10 a kan na asali ba laifi, 20 shi ne ƙarshe. Motar da sitiyarinta ba mai taimaka masa, in ka kai ta 205 daga 165, ranar da za ka yi fakin a cunkoson Babbar Kasuwa za ka gane kurenka. Kuma tsohuwar ƙafa tana karkata a kwana, taya mai zagayayyar kafaɗa take so, wadda ke sanar da kai kafin ta saki. Ta zamani mai faɗi tana riƙewa sosai, sannan ta saki gaba ɗaya ba sallama.

Gaba da baya su zama girma ɗaya, sai in kamfani ne ya bambanta su. Porsche ya yi haka a Carrera RS ta 1973 saboda injin yana baya: 185/70 a gaba, 215/60 a baya, duka a kan 15. Yi lissafin ka gani, 640 da 639. Ko da suka faɗaɗa, tsayin ba su taɓa shi ba.

Na shida, tayar kanta

Bayan lambar girma akwai wata, kamar 91H. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya ke ɗauka: 82 na nufin kilo 475, 86 kilo 530, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Harafin iyakar gudu ne da kilomita a awa: S 180, T 190, H 210, V 240. Za ka ce ina zan yi 210 tsakanin Yamai da Doso? Ba don gudun ba ne. Tayar H ko V an gina ta ta jure zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40, zafin gudro ne ke fasa taya. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. In tayar na da rubutun darajar zafi na Amurka, A, B ko C, nemi A.

Dogayen tayoyin 14 da suka fi yawa a kasuwarmu na motocin haya ne, 185 R14C da 195 R14C irin na Hiace. Za a ce maka sun fi ƙarfi, kuma gaskiya ne. An yi su don lodi, gefensu kamar katako, ba sa riƙe ƙasa a birkin gaggawa ƙarƙashin mota marar nauyi. Harafin C ɗin nan ya isa ka mayar da ita.

Shekaru kuma, nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. In uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, ko zanenta bai taɓa ƙasa ba ta gama aiki. Michelin da kansa yana cewa a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta kai biyar, a sauke ta in ta kai goma. A zafin ranarmu ni ba na kai ta goma. Wannan ya fi shafar motar da ba a fita da ita sai Lahadi, don zanenta ba ya cinyewa, mai ita ya ɗauka sabuwa ce alhali robar ta ƙeƙashe.

Okaziyon da ke shigowa daga Turai ta Kwatano ko Lome, da yawansu na sanyi ne. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. Robarsu taushi gare ta don ƙanƙara, a nan narkewa take, birki ya yi tsawo. In dole sai okaziyo, sa a cire ta daga janti ka shafa cikinta da hannu, ka nemi faci a gefe ko kumburi. Zanen da zurfinsa ya rage milimita 1.6 ya kai iyakar doka a Turai, kada ka sayi abin da bai kai 5 ba. Masu son kamannin asali suna iya odar Michelin XAS ko XWX, ko Pirelli Cinturato CN36, ana yin su har yau da tsohon zane da sabuwar roba. Da tsada, kuma in ɗaya ta fashe sai ka jira wata odar.

H2 ɗin da ka gani a bayan janti tudu biyu ne a cikinsa da ke hana bakin taya zamewa in iska ta ragu. Tsofaffin janti marasa shi, da masu waya irin na MG da Triumph, tiyub suke so, na wayar har da ɗamarar roba a kan kawunan wayoyin. A ɓare duk wata takarda da ke liƙe cikin tayar, a barbaɗa hoda kafin a sa tiyub, kuma ba a sa shi a taya mai gefe ƙasa da 70. Tsohon jantin alminiyom kuwa, wanke shi ka duba kewayen ramuka da gindin hannuwansa. Wanda aka taɓa yi wa walda ba na gaba ba ne, ba na baya ba ne. Na asalin Porsche da na Mercedes mai ramuka kewaye, kamfanin Fuchs ne ya buga su da matsi ba zubi ba, shi ya sa suke da ƙarfi da rashin nauyi. In kana da su kada ka bari a musanya maka da na kasuwa masu ƙyalli.

Na bakwai, gwaji kafin biya

Yi ciniki da mai shago cewa guda ɗaya za a fara haɗawa. Ce masa, "Malam, in ta zauna na ɗauki biyar, in ba ta zauna ba na biya ka aikin hannu." Ɗaura jantin a gaba ba taya tukuna, ka juya shi da hannu kana kallon bakinsa ko yana rawa, ka tabbatar akwai aƙalla milimita 3 tsakaninsa da kalifa. Sannan a sa tayar, a sauke jek, don a sama ƙafa na rataye ne, ba ta nuna gaskiya. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka zura hannu ta baya. Yatsa ya wuce tsakanin taya da shokazoba, da tiyon birki, da bakin madigadi. Shafa alli a gefen tayar da kafaɗarta, ka ɗauki mutum ɗaya da kaya a but, ka hau tudun rage gudu a karkace, ka shiga layi mai gargada. Inda allin ya goge, nan take gogawa. Maimaita a baya.

In ta wuce, a yi ekilibraj na duka, a canza bawul, a duba saitin ƙafa, don tsohuwar mota mai karkataccen saiti tana cinye sabuwar taya cikin ƴan watanni. Wajen ɗauri a fara da hannu, a bi kusoshin a tsallake ba a jere ba, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Mercedes ɗin nan 110 Nm take so, 911 kuma 130. Hana yaro bindigar iska da kuma hawa kan sifana da ƙafa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su.

Iska da safe ake auna ta kafin rana ta taɓa motar, da ma'auninka na kanka, don na bakin hanya kowanne da abin da yake faɗa. Fara da adadin da ke littafi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga iska da kusan bar 0.1, don haka in ka tsaya a Dogondutsi ka ga ta hau da 0.3, haka ya kamata, kada ka sace ta. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ke lanƙwasa ta yi zafi ta fashe. In motar za ta daɗe a ajiye, ƙara mata 0.5, ka rufe ƙafafun daga rana, ka riƙa gusa ta kowane mako biyu.

Ta biyar ɗin kuma ta zama girma ɗaya da sauran, a kan jantin da ka gwada ya hau gaba da baya, da kusoshinsa a ɗaure cikin tsumma kusa da shi. Daga Yamai zuwa Tawa ta Ƙonni sama da kilomita 500 ne. Mai faci za ka samu a kowane gari, 195/65 R15 ma ba za ta gagara ba, amma 205/70 R14 ko TRX sai wadda ka ɗauko daga gida.